Haƙoran roba sun canza wa Baba magana: rashin sabo ne ko ƙirarsu ce?

Ɗan_Liman:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar wanda ya san abin, likita ne ko wanda ya gani a gidansu. Mahaifinmu shekararsa 69, ya daɗe yana fama da ciwon suga, haƙoransa suka riƙa girgiɗa ɗaya bayan ɗaya har aka cire na ƙarshe bara. Ni da yayyena muka haɗa kuɗi aka yi masa haƙoran roba cikakku, sama da ƙasa. Yau sati shida ke nan da sakawa.

Wajen kyan gani babu abin cewa, kumatunsa da suka faɗa sun ciko, duk wanda ya gan shi sai ya ce Malam ya koma yaro. Amma magana ta lalace. In ya ce "sannu" sai ka ji wani siririn fito ya biyo baya, kamar iska ta samu kafa a jikin taga. In ya ɗan yi sauri kuma, na sama da na ƙasa su riƙa haɗuwa ƙas-ƙas. Baba shi ke jan salla a masallacin unguwarmu fiye da shekara ashirin. Tun Juma'ar da ta wuce ya daina shiga gaba a Magariba da Isha'i da Asuba, sai ya tura na'ibinsa. Jiya bayan La'asar na same shi a zaure shi kaɗai, ya cire su ya naɗe a hankici, yana maimaita "ihdinas siraɗal mustaƙim" a hankali yana sauraron kansa. Wallahi sai da na koma waje na share hawaye.

Wanda ya yi aikin ya ce mu yi haƙuri, zai saba. To sabo ne kawai ya rage, ko yadda aka ƙera su ne ya jawo?

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Surukata haka ta yi da aka saka mata, satin farko ko sunan jikokinta ba ta iya kira sosai, ga yawu kamar an buɗe famfo. Likita ya ce ta riƙa magana da ƙarfi ita kaɗai a ɗaki. Da yake ba ta boko, sai ta riƙa biya azkar ɗinta a bayyane safe da yamma. Kafin wata guda ta dawo daidai. Ku ƙara masa lokaci.

AbuSadiƙ:
Gaskiya ɗaya ce, abin da hannun mutum ya yi ba zai taɓa zama kamar na Allah ba. A gode da abin da aka samu, tunda yana iya cin abinci.

Ɗan_Liman:
Malam AbuSadiƙ, godiya kam muna yi. Amma Baba ba don tuwo ya yarda aka yi masa ba, da kunu da fate ma yana rayuwa. Don karatu ya yarda.

Likitar_Haƙora:
Ɗan_Liman, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri kai da yayyenka. Abin da Maman_Hanifa ta faɗa gaskiya ne ga makonnin farko. Harshe ya saba da faɗin bakin da babu komai, sai ga wani abu ya cike wuri, dole ya yi ta tuntuɓe, kuma mafi yawan mutane cikin sati biyu zuwa huɗu suke daidaita. Amma abubuwa biyun da ka ambata, bayan sati shida, ni ba zan ce a zauna jiran sabo ba. Ku koma a duba.

Bari in fara da ƙas-ƙas ɗin. Mutum in yana zaune bai cewa komai, haƙoransa na sama da na ƙasa ba a haɗe suke ba. Akwai ɗan tazara tsakaninsu, kamar milimita 2 zuwa 4. Gwada ka gani yanzu, ka ce "mmm" ka saki muƙamuƙinka, za ka ji ba su taɓa juna ba. In ana magana kuma, inda suka fi kusantar juna shi ne wajen furta "s", tazarar takan ragu zuwa milimita 1 ko 2, amma dai ba sa taɓawa. To idan aka yi wa haƙoran roba tsawo fiye da abin da muƙamuƙin mutum ya saba, wannan ɗan filin ya tafi. Duk "s" da zai furta sai sun gwabza. Wannan ba abin da sabo ke gyarawa ba ne, sai ma ya jawo ciwon dasashi da gajiyar muƙamuƙi. Akwai kuma dalili na biyu: in na ƙasan yana rawa, harshe ya ɗaga shi ya bugi na sama, shi ma ƙarar ke nan. Likita zai iya bambance su cikin minti biyar.

Fiton kuma daga hanyar iska yake. Wajen "s", gefen harshe yana manne da haƙoran gefe na sama, tsakiyarsa ya yi ɗan kwari, iska ta bi ta nan ta bugi haƙoran gaba. In aka jera haƙoran gefe suka shigo ciki da yawa, harshe ya matsu, kwarin ya ƙuntata, sai fito. In kuwa robar da ke bayan haƙoran gaba ta yi kauri ta danne kwarin ya baje, sai "s" ta koma kamar "sh", irin na mai tsamin baki. Duka biyun ana gyara su, wani lokaci da ɗan gurzawa, wani lokaci da ɗan ƙari.

Ka tambayi Baba: da yamma yana jin gefen fuskarsa, wajen kunne, ya gaji? Kuma in ya rufe baki leɓɓansa suna haɗuwa da kansu ko sai ya matsa?

Ɗan_Liman:
Likita, Allah ya ƙara basira. Yanzu na tambaye shi. Ya ce tun daga La'asar yake jin muƙamuƙinsa ya yi tsami kamar wanda ya wuni yana tauna ƙashi. Leɓe kuma ni kaina na lura, in ya yi shiru sai ka ga haɓarsa ta yamutse saboda yana ƙoƙarin rufewa.

Likitar_Haƙora:
To ka ga wannan ya fi karkata ga tsawo. Ba zan yanke hukunci ba tare da na ga bakin ba, amma ka faɗa wa likitansa waɗannan alamomin kamar yadda ka faɗa min.

Sarkin_Gyara:
Ni fa kawuna da nasa ya dame shi, samfefa ya samu ya goge inda ke tokarinsa, shi ke nan. Kar ku ɓata kuɗin mota.

MaiHaɗaHaƙori:
Sarkin_Gyara, don Allah ka janye wannan shawarar. Shekarata goma sha huɗu ina haɗa haƙora a ɗakin aiki, kuma babu abin da ke ɓata min rai kamar a kawo min wanda aka goge a gida. Gefen haƙoran sama shi ke toshe iska, shi ya sa yake mannewa a ganɗa kamar yadda murfin kwano ke kama jiƙaƙƙen faranti. Ka goge gefe ɗaya fiye da kima, iska ta samu hanya, ya riƙa faɗowa, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Haka masu liƙa shi da sufa gulu in ya karye. Haka masu jiƙa shi a tafasasshen ruwa wai don ya tsarkaka, robar ta lanƙwashe.

Ɗan_Liman, ni tambayata ɗaya ce. Sau nawa kuka je kafin a miƙa muku haƙoran? Aikin da aka bi ƙa'ida yakan ɗauki zuwa kamar biyar: awo na farko, awo na biyu da cokalin da aka yi daidai bakin mutum, sannan auna tsawo da yadda muƙamuƙi ke haɗuwa, sannan gwaji, sannan miƙawa. Ranar gwajin nan ita ce ranar magana. Haƙoran suna dashe ne a cikin kaki, ba a gasa robar ba tukuna. In mutum ya yi magana aka ji fito, a nan take za a ɗumama wuƙa a matsar da haƙori ɗaya ko biyu. Da zarar an gasa, gyara ya zama na dabara.

Ɗan_Liman:
Sau uku muka je. An yi gwajin kaki, ina wurin. Amma gaskiya madubi aka ba shi, muka duba muka ce sun yi kyau. Bai yi magana ba in ban da "Alhamdu lillahi". Kuma ni ne ma na matsa a yi sauri saboda bikin ƙanwarmu ya matso.

MaiHaɗaHaƙori:
Ba kai kaɗai ba ne, kar ka ɗora wa kanka. Kusan kowa madubi yake nema ranar gwaji. 'Ya'ya su ce a sa farare tas, manya, a jera su kamar na ɗan shekara ashirin. Ni kuma a ɗakin aiki ban taɓa jin muryar mai haƙoran ba, siminti kawai nake gani a gabana.

Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne kaurin farantin da ke rufe ganɗa. Da roba muna barinsa wajen milimita 2, in ya fi haka siranta sai ya tsage. Wasu don gudun a dawo musu da karyayye sai su lafta kauri, harshe ya rasa wurin juyawa. Ana yin farantin da ƙarfe, gamin kobalt da kuromiyum, wanda kaurinsa bai fi rabin milimita ba, kuma mutum yana jin zafin shayi ta cikinsa. Sai dai ya fi tsada, kuma in dasashi ya zaizaye gyaransa ya fi wuya. Sannan ka sa harshenka bayan haƙoranka na sama, za ka ji wasu 'yan kunyoyi kamar na gona. Harshe da su yake gane inda yake. Mafi yawan haƙoran roba sumul ake yin wurin. Ana iya zana kunyoyin, wasu suna jin daɗinsu, wasu su ce ƙara musu kauri ya yi.

Malamin_Hausa:
Na daɗe ina karantawa, wannan zancen ya shigo fagena. Likita, ina da tambaya. Na ji an ce kuna gwada tsawon haƙoran gaba da sautin "f". Haka ne?

Likitar_Haƙora:
Haka ne Malam. A makaranta an koya mana a sa mutum ya furta "f" da "v" na Turanci, bakin haƙoran sama ya sauka a kan leɓen ƙasa, daidai iyakar busasshen wuri da jiƙaƙƙe. In sun yi tsawo ko gajarta, a nan ake gani. Don "s" kuma a ce ya ƙirga daga sittin zuwa saba'in da Turanci.

Malamin_Hausa:
To ga inda gizo ke saƙa. "F" ɗin Bahaushe ba da haƙori ake yin ta ba. Baleɓiya ce, leɓe biyu ne ke kusantar juna iska ta fita, shi ya sa za ka ji Bakano ya ce "fara" kamar yana hura wuta, wani ma ta fito masa kusa da "p". Mutanen Sakkwato da Katsina da ƙetaren Nijar kuwa sau da yawa "h" ko "hw" suke yi, su ce "tahi", su ce "hwari". Saboda haka in kika ce wa dattijon da bai yi boko ba ya ce "fata", ba abin da haƙoransa za su nuna miki.

Sautukanmu da ke taɓa wurin da robar ta rufe su ne 'yan hanƙa: t, d, s, z, n, l, ts, da ɗ wadda kan harshe ke naɗewa. Sai sh da c da j a ɗan bayansu. Sai na can baya, k da g da ƙ. Kuma muna da "r" iri biyu, ra-gare da ra-kaɗe, wadda ke bambanta "bara" na almajiri da "bara" na gidan sarki. Da ni ne, kalmomin da zan ba mutum ranar gwaji su ne: sara, shara, tsara. In ukun nan suka fito daban-daban ba tare da fito ba, gaba ta yi. Sannan kafa da ƙafa, gari da ƙari. Ƙirgar ma ba sai an je Turanci ba, "sittin da shida" ta ƙunshi s da sh a numfashi ɗaya.

Likitar_Haƙora:
Malam, wallahi na kwafe wannan a takarda. Ni "sittin da shida" nake amfani da ita dama, da "Asabe ta sayi sabulu", amma batun "f" ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Nakan ce musu su ciji leɓe su hura, ashe abin da nake kewayewa ke nan.

Alaramma_Tsangaya:
Allah ya gafarta Malamin_Hausa, zancenka daidai ne a Hausa, amma mutumin da ake magana a kansa liman ne, kuma damuwarsa Larabci ce. A tajwidi "fa'un" mafitarta cikin leɓen ƙasa ne tare da bakin haƙoran gaba na sama, ka ga gwajin Likita ya dawo da amfaninsa. Kuma malaman tajwidi da haƙora suka siffanta mafitar haruffa da yawa. Ta'un da dalun da ɗa'un, kan harshe ne da tushen haƙoran gaba na sama. Haruffa ukun nan da ake ɗan fito da harshe, na "summa" da "allazina" da "azim", kan harshe ne da bakin haƙoran. Sinun da sadun da zayun ana kiransu haruffan safir, ma'anar kalmar ma fito ce, to in haƙora suka ƙara musu wani fiton a kai dole kunne ya ƙi. Ladun kuma, na ƙarshen Fatiha, gefen harshe ne da turame na sama. Wanda ya haddace mafita a kan haƙoransa na asali shekara sittin, aka canza masa wurinsu ko da kaurin ƙwayar gero ne, zai ji.

Shi ya sa na fahimci abin da ya sa Malam ya ja baya. Ba girman kai ba ne, tsoron Allah ne. Amma Ɗan_Liman, ka tuna masa cikin ladabi abin da ya fi mu sani, cewa malaman Malikiyya sun halatta bin limamin da harshensa ke da nauyi a kan wasu haruffa ba da gangancinsa ba.

Ɗan_Liman:
Allah ya gafarta Malam, na faɗa masa. Ya ce ya sani, amma zuciyarsa ba ta natsuwa in ya ji fiton nan a lasifika, sai hankalinsa ya bar ayar ya koma kan bakinsa.

Hajiya_Malama:
Ɗana, bari in ba ka nawa labarin, ni mai sakawa ce ba mai jin labari ba. Na koyar a firamare shekara talatin da biyar, aka yi min cikakku ina da shekara 61. Nawa ba fito ba ne. In na ce "gwaggo" ko "ƙoƙo" sai in ji na saman ya saki daga baya, ya sauko kan harshena, ga yunƙurin amai. Wata rana a wajen sunan jikata ina cikin yi wa mata bayani ya sauko, na rufe baki da mayafi na shige ɗaki. Wata uku ban je taro ba. Maƙwabta har suna cewa ko an ɓata min rai ne.

Da na koma, wata yarinya likita ta sa na ce "aaa" tana leƙawa da fitila, ta yi alama da wani fensir mai shuɗi a can cikin ganɗata. Ta ce akwai iyaka tsakanin inda ke da ƙashi da inda ke motsi, kuma farantina ya zarce iyakar, shi ya sa duk lokacin da bayan harshena ya tashi sai wurin ya motsa ya ture shi. Ta rage bayan kaɗan. Sannan ta barbaɗa wata farar hoda a farantin, ta mayar, ta ce in ce "ta, da, na, sa", ta ciro. Sai ga sawun harshena a jiki ɓaro-ɓaro kamar sawun kaza a kan gari. Inda sawun ya nuna ya matsu ta gurza. Ranar da na dawo gida na zauna da jikokina muka yi ta "da ƙato da ƙwaɗo suka tafi ƙoto" har Magariba, bai motsa ba.

Abin da nake so ka faɗa wa mahaifinka: komawa ba rashin godiya ba ne. Mu tsofaffi muna jin nauyin 'ya'yanmu, mu ce sun kashe kuɗi kar mu dame su. Ni wata ukun nan kunya ce ta cinye min su.

Bazazzagiya:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, kin sa na tuna kakata. Ita dai ajiye nata ta yi a gwangwanin alawa, sai ranar biki take sakawa a ɗauki hoto. Ba wanda ya taɓa tambayarta dalili, Allah ya jiƙanta.

Zongo_Boy:
Gaisuwa daga Kumasi. Tambaya a gefe: haƙorin Makka shi ma yana canza magana? Mamana ta saka biyu da ta je Hajji.

MaiHaɗaHaƙori:
Wannan daban ne ɗan'uwa, riga ce ake sa wa haƙori ɗaya, ba ta rufe ganɗa. In ba ta yi kauri ta ciki ba, kwana biyu harshe ya manta da ita. Matsalarta in ba ta zauna daidai ba, abinci ya riƙa shiga ƙarƙashi haƙorin ya ruɓe ba a sani ba.

Tarihi_Madubi:
Tunda an ɗan fita, wani abu da ya ba ni sha'awa: sunan "haƙorin roba" ya dace da tarihi. Daga shekarun 1850 da robar gaske ake yin gindin haƙoran, wadda aka gasa da farar wuta ta yi tauri. Sai wajen 1937 akirilik ɗin da ake amfani da shi yanzu ya shigo ya ture ta.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan abin da ya hi damun tsohona shi ne na ƙasa. Shekara tara yana sanye da shi, da hwarko lahiya lau, yanzu in yana magana sai ka ga yana yawo cikin baki kamar kwalekwale, har ya koyi magana baki a matse don kar ya hita. Mutane suna cewa tsuhwa ce ta sa ba a jin maganarsa. Likita, shi ma ƙira ce?

Likitar_Haƙora:
Ɗan_Maraɗi, wannan ba laifin ƙirar farko ba ne, bakin ne ya canza. Ƙashin da ke riƙe haƙora, in an cire su, zaizayewa yake yi a hankali har ƙarshen rayuwa, kuma na ƙasa ya fi na sama saurin tafiya, an auna ya kai kusan ninki huɗu. Robar kuwa tana nan yadda aka gasa ta. Shekara tara ta isa a ce an yi masa ciko ta ciki ko an sake sabo. Na ƙasa dama shi ne mai wahala: ba shi da faffaɗan wurin kamawa irin ganɗa, ga harshe yana tura shi waje, kumatu da leɓe suna tura shi ciki. Gwanintar ita ce a dasa haƙoran a daidai tsakiyar da turin biyu ya yi kunnen doki.

Ga mai hali, ana dasa ƙusoshi biyu a ƙashin ƙasa, haƙoran su riƙa kamawa kamar maɓallin riga. Tun 2002 wani taron masana a Jami'ar McGill ta Kanada ya ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙoran ƙasa. Amma kuɗinsa ba na kowa ba ne, kuma mai suga sai sugansa ya daidaita.

AbuSadiƙ:
To kun gani. Ƙusoshi a ƙashi, Kanada. Talaka dai haƙurin da na faɗa tun farko shi ne nasa.

Maman_Hanifa:
Haba Malam AbuSadiƙ, ai abin da Hajiya_Malama ta ce an yi mata ba ƙusa a ciki, fensir ne da hoda. Ni ma na janye rabin maganata, na ɗauka kowa irin surukata ne.

Nas_Rabi:
Kar a manta da yawu. Baba mai suga ne, kuma in yana shan maganin hawan jini, da yawa daga cikinsu suna busar da baki. Yawu shi ne ke riƙe farantin sama, in baki ya bushe sai ya saki, harshe kuma ya riƙa mannewa da robar ana jin ɗas-ɗas. Da azumi abin ya fi tsanani, masu tafsiri da masu jan tarawihi da ke sanye da su sun sani. Ya riƙa kurɓar ruwa kafin ya shiga salla, a kuma gaya wa likitan sugansa. Da dare a cire a sa a ruwa mai sanyi, dasashi ya huta, don masu suga sun fi saurin kamuwa da ƙurajen nan na ƙarƙashin faranti.

Malamin_Hausa:
Alaramma, na karɓi gyara a kan fa'un. Ashe liman gwaji biyu yake buƙata, na harshen gida da na karatu. Wannan ya sa na tuna yadda kakanninmu suka mayar da ladun "l" a kalmomin da muka ara, muka ce alwala, alƙali, farilla, Ramalan. Harafin da ya ba masu haƙora talatin da biyu wuya, ina ga wanda aka jera wa ashirin da takwas na roba.

Alaramma_Tsangaya:
Haka ne Malam. In da hali, ranar da za su koma a tafi da wani almajirinsa mai kunne ya zauna a gefe. Likita zai ga baki, amma ba lallai ya ji bambancin sinun da sadun ba.

Ɗan_Liman:
'Yan'uwa, ga yadda ake ciki. Yau da safe muka koma. Da farko Baba ya ƙi, ya ce kar a ce ya raina aikin mutane, sai da na karanta masa abin da Hajiya_Malama ta rubuta, ya yi shiru, sannan ya ce a ɗauko masa hularsa. Likitan bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ɗiga alama a hancin Baba da haɓarsa, ya auna yana shiru, ya auna ya cije, ya ce lallai filin ya yi kaɗan. Ya sa wata takarda mai launi ya ciza, ya rage turamen. Ƙas-ƙas ɗin ya ragu sosai, sai in ya yi sauri. Amma ya ce abin da ake iya ragewa da gurzawa yana da iyaka, in bai isa ba sai an sake jera na ƙasan gaba ɗaya, kuma wannan da kuɗi. Fiton yana nan. Ya ce ba ya son taɓa abu biyu rana ɗaya, mu dawo Alhamis.

Sarkin_Gyara:
Ka ga shi ma gogewar dai ya yi.

MaiHaɗaHaƙori:
Ya goge bayan ya auna, kuma a saman turame, ba a gefen da ke riƙe iska ba. Ɗan_Liman, in har ta kai ga sake jerawa, ka roƙa a sake gwajin kaki, kuma kar a ba shi madubi sai ya gama karatu.

Hajiya_Malama:
Alhamdu lillahi. Ka gaishe min da Malam. Ka ce masa bayan kowane gyara sai harshe ya sake neman hanya kwana biyu uku, kar ya yanke hukunci a daren farko.

Ɗan_Maraɗi:
Mu ma Litinin za mu kai tsoho a duba nashi. Likita, cikon nan na ciki, ana yin shi rana guda ko sai an bar haƙoran can? Don ba zai yarda ya kwana biyu baki wayam gaban baƙi ba.

Likitar_Haƙora:
Akwai wanda ake yi a kujera a gama a lokacin, akwai wanda ake kaiwa ɗakin aiki ya kwana ɗaya ko biyu, na biyun ya fi ƙarko. Bayan shekara tara ma ƙila sabo za a ce, don turamen sun riga sun cinye. Ku bari a gani tukuna.

Ɗan_Liman:
Zai ji gaisuwa Hajiya. Yanzu haka yana zaure da tawada da alƙalami, yana rubuta abin da zai karanta wa likita ranar Alhamis. Ya sa Fatiha, ya sa Ƙul a'uzu ta ƙarshe saboda sinun ɗin da ke cikinta, a ƙasa kuma ya rubuta sara, shara, tsara da ajami. Ya ce in tambayi Malamin_Hausa ko akwai wata kalma ta "z" da zai ƙara.

Malamin_Hausa:
Ya ƙara "zazzaɓi" da "zuciya". In da wuri a takardar, ya sa "tsintsiya".